Birnin masu cin tumbi da baƙinsa

Idan ka kira mutum "mai cin tumbi" a bainar jama'a a ƙasarmu, to ka shirya amsa tambayoyi, domin zai ɗauka gorin talauci kake yi masa. Amma akwai wani birni a arewacin ƙasar Fotugal inda wannan suna ya zama kirari. Mutanen Porto suna kiran kansu tripeiros, wato masu cin tumbi, kuma suna faɗa suna bugun ƙirji, tun daga mai sayar da kifi a kasuwa har zuwa shaihin malami a jami'a. Na yi kwana biyar a birnin cikin watan Yuli na 2023, saboda wani taron masana harsuna. Mai karatu zai yi mini uzuri, ba zan ce komai a kan taron ba, domin abin da ya biyo ni gida daga wannan tafiya a bakin kogi na tsince shi, a kan teburin wani ɗan ƙaramin gidan abinci. Ra'ayin da na dawo da shi kuwa shi ne, birnin da ya cika da baƙi har 'yan gari suka rasa wurin kwana, ya fara cin irin da zai shuka baɗi, ko da kuwa aljihunsa ya cika a bana.

Porto yana zaune ne a kan tudu, a gefen arewa na Kogin Douro, dab da inda kogin yake faɗawa Tekun Atlantika bayan tafiyar kusan kilomita 900 daga cikin ƙasar Sifen. A ƙetare akwai Vila Nova de Gaia, inda rumbunan ajiyar giyar inabin nan da ta yi suna da sunan birnin suke jere. Hasali ma sunan ƙasar gaba ɗaya daga nan ya samo asali, daga tsohon sunan wurin na zamanin Rumawa, Portus Cale. Unguwar da ke bakin ruwa ana kiranta Ribeira, ma'ana bakin kogi. Gidajenta dogaye ne sirara, manne da juna kamar haƙoran mataji, wani ja, wani rawaya, wani an lulluɓe fuskarsa da tayil. Hukumar UNESCO ta sa wannan tsohon gari cikin wuraren tarihi na duniya a 1996. A samansa gadar ƙarfe ta Dom Luís I ta yi tsalle ta ƙetare kogin, mai hawa biyu, wadda aka buɗe a 1886, aikin injiniya Théophile Seyrig, wanda ya taɓa zama abokin haɗin gwiwar Gustave Eiffel mai hasumiyar Paris. Gani ya kori ji. Duk wanda ya tsaya a saman gadar nan lokacin da rana ke shirin faɗuwa ba zai zargi masu tururuwa zuwa wurin ba.

Da yammacin ranar farko na sauka Ribeira ni kaɗai. Tebura sun cika bakin ruwa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kowane gidan abinci da allonsa a ƙofa, an rubuta jerin abinci da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci, ga hotuna a gefe don wanda karatun ya gagara. Mai nazarin harshe yana da wata ɗabi'a da ba ya iya bari, wato kasa kunne ga hirar da ba a gayyace shi ba. Na zauna a kan dakali na kusan rabin awa ina sauraron masu wucewa. Na ji harsuna da dama, amma harshen ƙasar sai a bakin masu kai abinci tebur, kuma da yawansu karin harshen mutanen Birazil ne a bakinsu. Na tambayi kaina, to ina masu unguwar?

Amsar ta zo washegari daga bakin wani abokin aiki, malamin jami'a ɗan garin, wanda aka haifa a wani lungu da ke bayan waɗannan gidaje masu launi. Da na ce masa ina son in ci abinci a bakin kogi, sai ya yi murmushi ya ce in ɗaura takalmina da kyau. Muka ƙetare gadar ta hawan ƙasa, muka bi gaɓar Gaia muka nufi yamma, muka wuce ƙarƙashin wata gadar kankare mai suna Arrábida, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, sai ga mu a Afurada, unguwar masunta da ke kusa da bakin teku. Tun kafin in ga gidan abincin hancina ya ba ni labari. Ƙamshin gawayi da maiƙo ne irin wanda ke tashi daga tukubar mai tsire da almuru. A nan a kan titi ake gashin, a ƙofar gida. Wani dattijo ne tsaye a kan garwashi yana juya kifi, jiragen masunta na ɗaure a gabanmu, can gefe kuma ga wurin wanki na unguwa, da shanya a kan igiyoyi da aka ɗaura a jikin sanduna, iska na kaɗa ta.

Mu da muka san sadin a cikin gwangwani, ba mu san sadin ba. Wanda aka kawo mana ya kai tsawon tafin hannu da 'yan yatsu, ba a sa masa komai ba sai gishiri mai tsakuwa, fatarsa ta ƙone kaɗan, cikinsa yana naso. Abokina ya nuna mini yadda ake yi: ka ɗora kifin a kan yankin burodin masara da suke kira broa, ka ci da hannu, in ka gama sai ka cinye burodin da ya sha maiƙon. Ga dafaffen dankalin Turawa, ga gasasshen tattasai kore, an kwarara musu man zaitun. Kafin nan an kawo mana caldo verde, wani romo mai kauri na dankali da ganye mai kama da kabeji da aka yanka siri-siri. Bisa al'ada ana jefa masa yankin tsiran naman alade, saboda haka tun da wuri na roƙa a bar mini nawa haka nan, matar da ke kula da teburinmu kuwa ba ta nuna ko mamaki ba. Wata 'yar fadakarwa ga mai niyyar tafiya: burodi da zaitun da cukun da za a ajiye maka tun kafin ka buɗe baki ba kyauta ba ne, in ka taɓa za ka gan su a lissafi. Ni dai na taɓa.

Da matar ta ji daga inda na fito, sai ta ƙwalla wa dattijon mai gashi kira, shi kuma ya ɗaga abin juya kifinsa sama ya ce, "Zaidu!" Yana nufin Zaidu Sanusi, ɗan Jega ta jihar Kebbi, wanda ya shiga ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Porto a 2020, kuma ya jefa ƙwallon da ta ba su kofin ƙasa a gidan abokiyar hamayyarsu Benfica a watan Mayu na 2022, ana dab da tashi. Dattijon ya kwatanta mini yadda aka ci ƙwallon da ƙafa da hannu, har kifinsa ya kusa ƙonewa. Ban taɓa zaton sunan wani Bakabe zai sama mini ƙarin kifi biyu a bakin Tekun Atlantika ba.

Sai kuma aikin nawa ya motsa. Kwalbar man da ke kan tebur an rubuta mata azeite, 'ya'yan zaitun kuma azeitona. Duk wanda ya yi zaman makarantar allo zai ji az-zait da az-zaitun a ciki. Shinkafa arroz ce, daga ar-ruzz; sukari açúcar, daga as-sukkar. Idan mutumin Fotugal yana fatan wani abu ya tabbata yakan ce oxalá, wadda asalinta lafazin Larabci ne na jingina al'amari ga nufin Allah. Musulmi sun shiga wannan yanki a 711. Ba su daɗe da riƙe arewa ba, domin a 868 wani jarumi mai suna Vímara Peres ya karɓe yankin Porto, ga mutum-mutuminsa can a kan doki kusa da babbar majami'ar birnin, amma a kudu, a Algarve, wato al-Gharb, mulkinsu ya kai har 1249. Kalmar da ta fi tsaya mini a rai ita ce alfândega, sunan da suke kiran gidan kwastan. Akwai wani ƙaton gini mai wannan suna a bakin kogin, muna hango shi a kan hanyarmu. Tushenta al-funduq, masaukin fatake da ma'ajiyar hajarsu. Ita ce dai kalmar da ta ƙetare Sahara ta zama sunan unguwar Alfindiki a cikin birnin Kano. Kalma ɗaya ta bi ayari biyu, ɗaya ya yi arewa ɗaya ya yi kudu, kowanne ya sauke ta a inda ake sauke kaya.

Sai dai ina jan kunnen ɗalibaina a kullum cewa kama da wane ba ta wane. Mutanen Fotugal suna ƙidaya ranakun mako kamar yadda muke yi: Litinin ita ce segunda-feira, rana ta biyu, Talata terça-feira, ta uku, haka har zuwa Juma'a. Mai gaggawa zai ce wannan ma daga Larabawa ne. Ba haka ba ne. Daga Latin na coci ya fito, kuma ana danganta shi da wani limamin Kirista na birnin Braga mai suna Martinho, a ƙarni na 6, wanda ya ƙi jinin a riƙa kiran ranaku da sunayen gumakan Rumawa.

Mu koma ga tumbi. Abincin da ya ba mutanen birnin sunansu shi ne tripas à moda do Porto, tumbin saniya da farin wake da aka dafa su suka yi lugub, ana ci da shinkafa. Ban ci ba, domin ana haɗa shi da naman alade iri-iri, abincin wani kuwa gubar wani. Amma na ga an kai shi teburin da ke kusa da namu, na kuma ga yadda wani magidanci ya gyara zama kafin ya sa cokali. Ruwayar garin ta ce a 1415, lokacin da ake shirya jiragen yaƙi da za su tafi cin birnin Sabta da ke gaɓar Maroko, wanda Turawa ke kira Ceuta, mutanen Porto sun ba da naman dabbobinsu kakaf don guzurin mayaƙa, suka rage wa kansu kayan ciki kawai. Labari ne mai daɗi, kuma kamar yawancin labarai masu daɗi, yana da 'yar ɓaraka. Irin waken da ake sa wa abincin daga nahiyar Amurka ya zo, Turawa kuwa ba su isa can ba sai 1492. Ke nan ko da labarin ya tabbata, tukunyar yau ba ita ce ta wancan zamani ba. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya burge ni shi ne yadda al'umma ta ɗauki abincin marasa hali ta mai da shi tutarta, ba ta sake masa suna don kunyar baƙo ba.

Amma ɗan Afirka ba zai ji wannan labari ya tsaya a nan ba. Cikin jagororin yaƙin Sabta akwai Yarima Henrique, wanda aka haifa a Porto a 1394, kuma har yau ana nuna gidan da aka ce a nan aka haife shi, tsohon gidan kwastan ne a bayan Ribeira. A tashar jirgin ƙasa ta São Bento, wadda aka ƙawata zaurenta da tayil masu zane kimanin 20,000, aikin Jorge Colaço, akwai bangon da ke nuna shi a Sabta yana tsaye a matsayin mai nasara. Daga wannan yaƙi ne jiragen Fotugal suka fara gangarowa gaɓar Afirka ta Yamma. A 1444 aka sauke mutum 235 da aka kamo daga gaɓar Afirka a garin Lagos na kudancin Fotugal, aka raba su kamar kaya, Yariman yana kan doki yana kallo. Sunan Legas ɗinmu ma kalmarsu ce, ma'anarta tafkuna. Na tsaya a zauren tashar ina kallon masu ɗaukar hoto a gaban bangon, na ce a raina, naman da masu cin tumbi suka sadaukar, a jikinmu aka fanshe shi. Na faɗa wa abokina haka, bai yi musu ba. Ya ce a makarantar firamare rabin labarin kawai aka koya masa.

A kan hanyar komawa ne ya ba ni labarin unguwarsu. Ƙidayar 1981 ta sami mutum fiye da 327,000 a cikin birnin Porto. Ta 2021 ta sami kimanin 232,000. Adalci shi ne a faɗi cewa ba 'yan yawon buɗe ido ne suka fara korar mutane ba. Tun kafin su zo gidajen tsohon gari sun tsufa, ga danshi ga yoyo, kuɗin haya an daskarar da shi shekara da shekaru har masu gidaje suka daina gyara, duk wanda ya sami hali sai ya koma bayan gari. Sannan tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, har a 2011 ta karɓi bashin ceto na Yuro biliyan 78. A 2012 aka sassauta dokar haya. Jiragen sama masu araha suka yawaita, masu gidaje suka gano cewa abin da baƙo zai biya a 'yan kwanaki ya fi abin da tsohuwa 'yar fansho za ta biya a wata. Waɗanda suka rage a unguwar, wato waɗanda ba su da halin tashi tun farko, su ne aka fara miƙa wa takardar sallama. Mahaifiyar abokina tana cikinsu.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce kuɗin baƙi ne ya ta da gine-ginen da suka kusa rushewa, ya sama wa matasa aiki a lokacin da takwarorinsu ke ficewa daga ƙasar. Gaskiya ne. Kasuwar Bolhão da aka rufe a 2018 aka sake buɗe ta a 2022 ta yi kyau ƙwarai, kuma har yanzu na tarar da mata masu sayar da kifi suna kiran ciniki da murya mai ƙarfi. Kantin littattafai na Lello, wanda aka buɗe a 1906, ya fara karɓar kuɗin shiga a 2015 saboda masu zuwa ɗaukar hoto sun fi masu sayen littafi yawa, kuma ana cire kuɗin daga farashin littafi in ka saya. Dabara ce mai kyau ta tsira. To amma da na ga layin da ke ƙofarsa, na tabbata ɗalibin garin da ke neman littafi guda ba nan zai nufa ba. An ceci kantin, amma an cece shi ne daga hannun waɗanda aka gina shi dominsu.

Haka abin yake ga abinci. Girki yana rayuwa ne a hannun wanda ya san ɗanɗanonsa tun yana yaro, wanda zai iya mayar da kwano ya ce yau gishiri ya yi yawa. Baƙon da zai kwana biyu ya wuce ba shi da wannan ma'auni, duk abin da aka ajiye masa zai ɗauki hotonsa ya yaba. Shi ya sa a Ribeira kowane allo yake tallar francesinha, wani tulin burodi da nama da narkakken cuku da aka ƙirƙira a shekarun 1950, domin yana da kyan hoto, tumbi kuwa sai ka nema. Akwai wani girkin busasshen kifin da suke kira bacalhau, wanda akasarinsa daga Nowe ake kawo musu, ƙasar da ke aiko wa Nijeriya ɗan'uwansa okporoko. Ana haɗa shi da dankali da albasa da dafaffen ƙwai, sunansa bacalhau à Gomes de Sá, sunan wani ɗan kasuwar kifi na wannan unguwa a ƙarni na 19. Na ci shi sau biyu, sau ɗaya a bakin ruwa cikin baƙi, sau ɗaya a wani lungu inda ma'aikata ke cin abincin rana. Na farkon ya ninka na biyun a kuɗi, na biyun ya ninka shi a daɗi. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mai dafa wa raɓa ba ya tsoron a dawo masa da ƙorafi gobe.

Hukumomi sun ɗan motsa. Birnin ya fara karɓar harajin Yuro 2 a kowane dare daga hannun baƙi a 2018, kuma a 2023 gwamnatin ƙasar ta daina ba attajiran waje izinin zama don kawai sun sayi gida. A ganina haraji ba ya mayar da wanda aka tasa, sai an iyakance yawan gidajen da za a mayar masaukin baƙi a kowane layi, an kuma kashe kuɗin harajin a kan gidajen haya masu sauƙi a cikin tsohon garin kansa, ba a bayan gari ba. Ni ma ban wanke kaina ba. Ɗakin da na sauka a wani tsohon gida yake, an gyara shi tsaf, mabuɗinsa a cikin ɗan akwati mai lambobi a jikin ƙofa, ban ga mai gidan ba har na tafi. A jikin ƙyauren dafa abinci akwai wasu 'yan zane-zane na auna tsawon yaro da fenti bai gama rufewa ba. Kuma ina sane da cewa duk wanda ya rubuta cewa a bar Ribeira a tafi Afurada, ya taimaka wajen mayar da Afurada Ribeira ta gobe.

A daren ƙarshe abokina ya kai ni wani wuri a jikin bangon Ribeira, kusa da gindin gadar, wanda na wuce sau da yawa ban lura da shi ba. Wani allon tagulla ne da ake kira Alminhas da Ponte. A ranar 29 ga Maris 1809, sojojin Faransa ƙarƙashin Marshal Soult suka shiga birnin, jama'a suka ruga don su ƙetare kogin ta wata gada da aka yi da jiragen ruwa da aka ɗaure da juna, gadar ta kasa ɗaukarsu, mutane masu yawan gaske suka halaka a ruwa. Fiye da shekara 200 ke nan, amma a ƙarƙashin allon na ga kyandirori suna ci, bangon ya yi baƙi da hayaƙinsu, ga furanni a gefe. Bayanmu ana ta kiɗa, ana kai faranti ana kawowa. Na tambaye shi su wane ne suke kunna su yanzu, tunda unguwar ta zama ta baƙi. Ya ce tsofaffin unguwar ne. Mahaifiyarsa takan shigo motar haya daga bayan gari duk ranar Litinin, ta kunna nata, ta ɗan zauna a kan dakalin da ke kallon tagar tsohon ɗakinta, sannan ta koma kafin duhu ya yi.